Yadda Ake Tace Bidiyon 4K a Ƙaramar Kwamfuta da Furoksi, Mataki Bayan Mataki

Tambayar yadda za a tace bidiyon 4K a ƙaramar kwamfuta ta yi ta zuwa daga masu ɗaukar biki da suna da walima a Garwa da Marwa da Ngaundere, har da 'yan'uwa na Kusiri da Njamena. An sayi kyamara mai ɗaukar 4K ko an yi hayarta, an ɗauko aiki mai kyau, amma da an zuba shi a kwamfuta domin montaj, wato tacewa, sai hoto ya riƙa tsalle, murya ta yi gaba ta bar baki a baya, fanka tana kuka kamar injin markaɗe. Wasu har sun fara tambayar kuɗin sabuwar kwamfuta. Kafin a kai ga sayen wata, a gwada furoksi.

Furoksi wakili ne. Kamar yadda wakilin ango ke zama a wajen ɗaurin aure ya karɓa a madadinsa, amma gidan ango za a kai amarya, haka manhajar tacewa ke yi wa kowane babban fayil ƙaramin kwafi mai sauƙin ɗauka. Da ƙaramin kake yanka da jerawa, in an zo fitar da aiki sai manhaja ta koma kan asalin fayil. Abin da ke riƙe da wannan tsari duka shi ne igiyar da ke tsakanin wakili da asali: suna ɗaya, tsawo ɗaya, adadin firam (hotunan da ke jeruwa a kowace daƙiƙa) ɗaya, layukan murya ɗaya, kuma kowanne yana inda manhaja ta san ta bar shi. Kusan duk kukan da ake yi da furoksi, in ka bi sawu, wannan igiyar ce aka tsinka.

## 1. Gano ciwon kafin ka sayi magani

Ɗora fayil ɗaya mai nauyi a layin aiki, wato inda ake jera bidiyo a manhajar tacewa, ka kunna shi, sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare. Tagar da za ta buɗe, wadda Windows na Faransanci ke kira Gestionnaire des tâches, za ta nuna maka wanda ya gaji. In furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta mai yin lissafi, ita ce ta cika ɗari bisa ɗari, furoksi zai yi maka magani. In diski ne ya cika alhali furosesa na hutawa, matsalar ta diskin ce ko wayarsa ko ramin USB da ka soka shi. In RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai, ita ce ta cika, kuma giga 8 gare ka, furoksi zai rage maka wahala, amma ƙara ta zuwa 16 shi ne gyaran.

Dalilin da furosesa ke shan wuya shi ne yadda kyamarori da wayoyi ke matse hoto da tsarin da ake kira H.264 ko H.265. Ba sa ajiye kowane firam cikakke. Sukan ajiye ɗaya cikakke, sannan na bayansa su rubuta abin da ya canza kawai. Duk sanda ka tsaya a tsakiyar fayil, dole kwamfuta ta koma baya ta sake gina hoton. Shi ya sa rage ingancin kallo zuwa 1/2 ko 1/4 a tagar dubawa ba ya cika warkar da ciwon: an rage aikin nunawa, aikin kwance matsin yana nan.

## 2. Yi lissafin wuri tun kafin ka taɓa kati

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Duba megabit nawa kyamararka ke rubutawa a daƙiƙa, ka ninka da 0.45, abin da ya fito shi ne giga a awa ɗaya. Kyamara mai rubuta megabit 100 tana cin giga 45 a awa. Biki mai kyamara biyu, kowacce ta ɗauki awa 3 tsakanin kamu da ɗaurin aure da kai amarya, awa 6 ke nan, giga 270, ba a sa na duron (kyamara mai tashi sama) da na wayoyin dangi ba.

Furoksi ma yana cin wuri, kuma mutane sukan manta da wannan. Nau'in furoksi da ake kira ProRes 422 Proxy, mai girman 1280 a 720, firam 25, yana cin kimanin giga 9 a awa; mai girman 1920 a 1080 kuma kimanin giga 17. Na waccan awa 6 ɗin zai kama giga 54 ko giga 102.

Abin da ya dace ka tanada: diski biyu na waje masu juyawa, kowanne tera 1 ko 2, ɗaya na aiki ɗaya na ajiya, sai SSD, wato diski mai sauri marar juyawa, ko na cikin kwamfuta ko na waje, wanda furoksi da fayil ɗin aikin za su zauna a kai. Diski mai juyawa a USB 3 yana ba da wajen megabayit 100 zuwa 130 a daƙiƙa, SSD na SATA kuma kusan 500. SSD ya fi tsada nesa in an auna da tera, saboda haka kada ka ɓata kuɗi kana neman wanda zai ɗauke asalin fayiloli duka. Giga 500 ya ishe furoksin aiki biyu ko uku.

Gargaɗi: kada diskin aiki ya kasance a tsarin FAT32, domin ba ya karɓar fayil da ya kai giga 4. In Windows kaɗai kake amfani da shi, NTFS ya fi jure yankewar wuta. In diskin zai riƙa yawo tsakanin Windows da Mac, sai exFAT, amma fa ka riƙa cire shi ta hanyar da ta dace, kada ka fizge.

## 3. Kwashe kati da tsara folda

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne ake gaggawa saboda an dawo daga biki a gajiye.

Buɗe babbar folda ɗaya da sunan aikin, ka fara da kwanan wata, misali 2025-01-18_Biki_Garwa. Kada ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ ko wasalin Faransanci mai alama a sunan folda. Wasu manhajoji da wasu talabijin sukan rikice da su. A cikinta ka buɗe 01_Asali, 02_Furoksi, 03_Murya, 04_Aiki, 05_Fitarwa. A cikin 01_Asali kowace kyamara da kowane kati su sami ɗakinsu: KamA_Kati1, KamA_Kati2, KamB_Kati1, Duron, Wayoyi.

Kwafi katin gaba ɗayansa, da duk ƙananan foldojin da ke ciki, ba fayilolin bidiyo kaɗai ba. Kyamarorin Sony suna ɓoye bidiyo a PRIVATE, cikin M4ROOT, cikin CLIP. Masu ɗaukar AVCHD kuma suna sa shi a BDMV, cikin STREAM, kuma sukan datsa doguwar ɗauka gida-gida. Ƙananan fayilolin da ke gefe su ne ke gaya wa manhaja yadda za ta haɗe su. Wanda ya tsinci fayilolin MTS kaɗai ya bar sauran yakan tarar da ɗan tsalle a murya daidai mahaɗar, kuma sau da yawa a tsakiyar huɗubar liman abin ke faɗowa.

Yi amfani da ramin USB 3, wanda galibi cikinsa shuɗi ne. A USB 2 gudun bai wuce megabayit 35 a daƙiƙa ba, katin giga 128 zai ci fiye da awa guda. A USB 3 da kati mai gudun 90, bai kai rabin awa ba. Kwafi da manhajar da ke tantance abin da ta kwafa, kamar TeraCopy, ko Clone Tool da ke shafin Media na manhajar tacewa ta DaVinci Resolve. Ka kwafa sau biyu, a diski biyu, kafin ka goge katin.

Yanzu maganar suna. Kyamarori biyu na kamfani ɗaya za su iya ba ka C0001.MP4 biyu, kuma kyamara ɗaya ma takan sake ƙirga daga farko bayan an goge kati. Ranar da manhaja ta nemi C0001 ta kama wanda ba shi ba, sai ka ga an sa hoton masu dafa abinci a inda ango ke gaisawa da baƙi. Mafi kyau ka shiga saitin kyamara tun kafin ɗauka ka ba kowacce harafinta, ka kuma sa ta ci gaba da ƙirga ba tare da komawa ɗaya ba. In an riga an ɗauka, fayilolin MP4 da MOV za ka iya ƙara musu harafi a gaba, A1_C0001, B1_C0001, amma yanzu, kafin su shiga manhaja, kuma a diskin biyu iri ɗaya. Na AVCHD kada ka taɓa sunansu, foldarsu ta isa ta bambanta su.

Gargaɗi: daga lokacin da fayil ya shiga manhaja, an rufe ƙofar canza masa suna ko matsar da shi daga foldarsa.

Abu na ƙarshe a wannan mataki, ƙarami ne amma yana hana ciwon kai. Windows yakan ba diski harafin E yau, gobe in an riga an soka filashin wani ya ba shi F, sai ka buɗe aiki ka ga allo ja wur da rubutun Media Offline. Shiga Disk Management, wato Gestion des disques, ka ba diskin aikin harafi daga can ƙarshe kamar X, na ajiya kuma Y. Babu filashin da zai ƙwace musu wuri.

## 4. Gyara bidiyon waya tukuna

A kowane biki akwai gwaggo ko ƙawar amarya da za ta ce lallai a sa abin da ta ɗauka da wayarta. Wayoyi ba sa riƙe adadin firam ɗaya. In haske ya ragu ko wayar ta yi zafi, sai adadin ya riƙa hawa da sauka. In ka yi wa irin wannan fayil furoksi kai tsaye, wakili da asali za su iya saɓawa, yankan da ka yi daidai a kan furoksi ya goce a fitarwa, baki da murya su rabu.

Buɗe fayil ɗin da MediaInfo, kyauta ce. In ka ga Variable a layin Frame rate mode, sai ka bi da shi ta manhajar juya bidiyo, HandBrake ko Shutter Encoder, ka zaɓi adadin firam tsayayye, da inganci mai yawa. Wannan sabon fayil ɗin shi ne asalinka daga yanzu, shi za ka shigar, shi za a yi wa furoksi.

Wane adadi? Wutar Kamaru da Chadi mai 50 Hz ce, don haka a saita kyamarori a firam 25 ko 50, in ba haka ba fitilun zauren biki su riƙa ƙyaftawa a hoto. Layin aikinka ma 25. Wayoyi galibi 30 suke ɗauka. In za ka iya, ka roƙi mai wayar ta turo maka fayil ɗin ta waya da kebul ko a matsayin takarda a WhatsApp, domin wanda aka turo a matsayin bidiyo an riga an matse shi, babu furoksin da yake buƙata, babu kuma gyaran da zai dawo da shi.

## 5. Zaɓen girma da nau'in furoksi

Girma: 4K na yawancin kyamarori 3840 a 2160 ne. Rabinsa 1920 a 1080, rubu'insa 960 a 540. Laftop mai RAM giga 8 ko tsohuwar furosesa, ka ba ta rubu'i ko 1280 a 720. Mai ɗan ƙarfi, rabi. In za ka jera kyamara uku ko huɗu a allo ɗaya kana zaɓa, sauka ƙasa ko da kwamfutar na da ƙarfi, tunda duka za ta kunna lokaci guda.

Gargaɗi: siffar furoksi ta zama irin ta asali. Wasu kyamarori da duron suna ɗaukar 4096 a 2160, wanda ya fi faɗi kaɗan. Nasa furoksin 1024 a 540 ne ko 2048 a 1080. Bidiyon waya na tsaye shi ma dabam. In ka tura su duka a awo ɗaya, za ka sami baƙin layi a gefe ko fuskoki su miƙe, kuma rubutun da ka daidaita a kan furoksi ya kauce a asali. Zaɓen Half ko Quarter maimakon rubuta lamba da hannu yana kawar da wannan, domin manhaja za ta bi siffar kowane fayil.

Nau'i: ProRes 422 Proxy ko DNxHR LB. Su biyun suna ajiye kowane firam cikakke, shi ya sa suke gudu sumul ko da sun fi nauyi a diski. Mutane da yawa sukan zaɓi H.264 saboda ƙanƙantarsa, sai su ga kwamfuta ba ta sami sauƙin da suka zata ba. H.264 yana da wurinsa, za mu zo kansa a mataki na 9, amma ba shi ne zaɓin farko ba. Akwai kuma batun murya: kyamarar da ke rubuta layin murya huɗu, furoksinta ma huɗu yake buƙata, kuma ProRes da DNxHR a cikin MOV su ne ke riƙe su yadda suke.

## 6. Ƙirƙirar furoksin

A manhajar tacewa ta Premiere Pro, dole abokin aikinta mai juya bidiyo, Media Encoder, ya kasance a kwamfutar, kuma fitowarsa ta dace da ta Premiere, domin shi ke yin aikin. Shigar da fayiloli, ka zaɓe su a tagar Project, ka danna dama, Proxy, sannan Create Proxies. A wasu fitowar Faransanci kalmar doublure za ka gani a madadin proxy. Zaɓi girma da nau'i, ka nuna masa folda 02_Furoksi a kan SSD. In fitowarka na da zaɓin sa tambari a kan furoksi, sa shi. Ranar da ka yi kuskuren fitar da aiki da wakili, tambarin zai tona kafin mai biki ya gani. Media Encoder zai buɗe da kansa, ya ƙara _Proxy a ƙarshen kowane suna, ya ɗaura kowanne da asalinsa.

Saura abin da ke kayar da sababbi: yin furoksi dabam, kunna shi dabam. A ƙasan tagar Program akwai alamar +, danna ta ka jawo maɓallin Toggle Proxies zuwa layin maɓallai. In ya yi shuɗi, furoksi ke aiki. Akwai waɗanda suka kwana suna yin furoksi, suka wayi gari suna tacewa da asali, suna cewa abin ƙarya ne.

A DaVinci Resolve, fara da Project Settings, cikin Master Settings. A sashen Optimized Media and Render Cache ka zaɓi Proxy media resolution da Proxy media format. A Windows, DNxHR LB. Can ƙasa a Working Folders ka nuna inda za a ajiye, in ba haka ba zai zuba su a diskin C har ya cika. Sannan a Media Pool ka zaɓi fayiloli, danna dama, Generate Proxy Media. Kunnawa tana menu na Playback, Proxy Handling, Prefer Proxies. Tun fitowa ta 18 a shekarar 2022 akwai kuma ƙaramar manhaja mai zaman kanta, Blackmagic Proxy Generator, wadda za ka nuna wa folda ta riƙa yin furoksi tana ajiyewa a wata ƙaramar folda mai suna Proxy kusa da asali, Resolve kuma ya gane su da kansa.

Gargaɗi ga masu Resolve na kyauta a Windows: yakan ƙi buɗe wasu fayiloli masu zurfin launi da ake kira 10-bit 4:2:2, ka ji murya babu hoto. Abin da bai iya karantawa ba, ba zai yi masa furoksi ba, ba zai kuma fitar da shi ba. Ko dai ka juya su zuwa DNxHR HQX da Shutter Encoder su zama sabon asali, wanda zai ci wuri sosai, ko ka sayi Studio, wato Resolve na kuɗi, a dala 295, abin da ya haura sefa dubu 150, biya ɗaya. In ba ka da niyyar gyaran launi mai zurfi, ɗauka a 8-bit tun farko ya fi maka kwanciyar hankali.

Final Cut Pro, Shotcut, Kdenlive da CapCut na kwamfuta duk suna da nasu furoksin a cikin saiti, kuma ƙa'idojin da ke sama ba su canza ba.

## 7. Wuta da zafi

Yin furoksi shi ne aiki mafi nauyi da kwamfutarka za ta yi a wannan kwangila. Kafin ka tura duka, gwada da fayil mai minti ɗaya ka duba agogo. In ya ci daƙiƙa 40, awa 6 za ta ci awa 4. Da wannan za ka san ko za ka jira ko za ka kwanta.

A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Marwa da Njamena ke haura digiri 40, laftop takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, aikin awa 4 ya koma na yini. Bar shi sai dare. Ɗaga bayan laftop ɗin a kan wani abu iska ta shiga ƙasanta, kada a ɗora ta a katifa ko darduma, ka juyo mata fanka. Bayan hunturu kuma a kai ta a buɗe a hure ƙurar da ta toshe mata hanci. Caja ta kasance a jiki, domin a kan batir kwamfuta ba ta ba da ƙarfinta duka, kuma ka kashe saitin barci.

Mai kwamfutar tebur ba shi da zaɓi sai na'urar riƙe wuta, wadda masu shago ke kira onduleur, kuma diskin waje mai nasa wayar wuta shi ma a jona shi a jikinta. Tura aikin kati-kati, kada ka tura duka a dunƙule. In wuta ta yanke, fayil ɗin da ake cikin rubutawa ya lalace ko da ka ga sunansa a folda; goge shi ka sake yin wannan kaɗai.

Da an gama, ƙirga: fayil 214 a asali, furoksi 214. A Premiere za ka iya ƙara layin Proxy a tagar Project ka ga kalmar Attached a gaban kowanne. Sannan ɗauki uku ko huɗu, musamman mafi tsawo, ka je ƙarshensu, ka kunna furoksi ka kashe. In hoton bai motsa ba, igiya ta ɗauru.

## 8. Abin da za ka yarda da furoksi a kai, da wanda ba za ka yarda ba

Yanka, jerawa, daidaita murya da kiɗa, rubutun sunaye, duk a yi su a kan furoksi.

Kaifin hoto kuwa, kada ka yarda da shaidar wakili. A ƙaramin kwafi komai yakan yi kama da daidai. Hoton hannun amarya da aka matso don a nuna zanen lalle, a furoksi zai yi kyau, sai ka kashe shi ka tarar kyamara ta kama zoben da ke bayan hannun ne, lallen ya dushe. Duk hoton da ka zaɓa na kusa, tsaya a kansa, kashe furoksi, ka duba a cikakken girma kafin ka gina wani abu a kai. Haka ma ɗigo-ɗigon da ke fitowa a ɗaukar dare, furoksi yana ɓoye shi. Wani lokaci kuma akasin haka ne: saƙar shadda ko aikin wuyan babbar riga ya riƙa rawa a furoksi alhali asali lafiya lau.

Gyaran launi ma a kan asali ake yin sa. Farar shadda a ranar tsaka da fuska a inuwar rumfa cikin hoto ɗaya, sanin ko za a iya ceto su biyun sai a fayil mai cikakken bayani. Cire koren bango, rage ɗigo, da daidaita girgizar hannu, a bar su zuwa ƙarshe.

Gargaɗi kan tafiyar hawainiya: in ka ɗauki rawa ko hawan dawaki a firam 50 don ka rage gudu, a Premiere ka yi shi da Speed/Duration a kan layin aiki, kashi 50 cikin ɗari. Canza adadin firam ta Interpret Footage ya sha raba asali da furoksinsa.

## 9. In aikin zai yi tafiya

Sau da yawa mai ɗauka yana Marwa, mai tacewa yana Garwa ko Yawunde. Giga 270 ba abin turawa ta intanet ba ne a kuɗin data na yanzu, amma furoksin H.264 mai megabit 5 yana cin giga 2 da kwata a awa, awa 6 ta kama giga 13 da rabi. Wannan zai shiga filashi a ba direban mota, ko a tura shi da dare. Nan ne H.264 ya fi ProRes.

Tura furoksi da fayil ɗin aikin da foldar murya, cikin tsarin folda iri ɗaya da naka. Asali ya zauna a wurinka. In mai tacewa ya gama, fayil ɗin aikin kaɗai zai dawo maka da shi, wanda bai wuce 'yan megabayit ba, tare da duk wani kiɗa ko hoto ko nau'in rubutu da ya ƙara. Ku tabbatar manhajarku fitowa ɗaya ce, domin aikin da aka adana a sabuwa ba ya buɗuwa a tsohuwa. Ka kuma gaya masa da baki: kada ya canza sunan ko fayil ɗaya.

## 10. Komawa kan asali da fitarwa

Soka diskin asali. A Premiere kashe Toggle Proxies. A Resolve zaɓi Disable All Proxies. Bi layin aikin daga farko zuwa ƙarshe. Duk inda ya yi ja, asalinsa ya ɓata: a Premiere danna dama, Proxy, Reconnect Full Resolution Media, ko Link Media, a Resolve, Relink Selected Clips. Nuna masa foldar katin da fayil ɗin ya fito, kada ka nuna masa babbar folda ya zaɓa da kansa, musamman in akwai sunaye masu kama.

A tagar fitarwa akwai akwati ɗaya da za ka duba da idonka. A Premiere sunansa Use Proxies, a Resolve Use proxy media ne, cikin Advanced Settings na shafin Deliver. Kada ya kasance da alama. Amfaninsa ɗaya ne: fitar da kwafin gwaji da sauri don mai biki ya duba ya ce a cire wance a ƙara wane.

Fitar da minti ɗaya tukuna, daga wuri mai rubutu da fuska, ka kalla a talabijin ko waya. In ya yi, sai ka saki sauran. Ga YouTube, H.264 mai megabit 8 ya isa ga 1080 a firam 25, 4K kuma 35 zuwa 45. Ga filashin da za a kai gidan amarya, 1080 ya wadatar, kuma ka tuna talabijin da yawa FAT32 suka fi ganewa: awa ɗaya a megabit 8 tana kama wajen giga 3.7 da murya, ta tsallake da ƙyar. Bikin awa biyu sai a raba shi kashi biyu. WhatsApp kuma yana karɓar fayil har giga 2 in an tura shi a matsayin takarda.

## 11. Share wuri

Bayan mai aiki ya karɓa ya ce ya gamsu, goge 02_Furoksi da ma'ajiyar wucin gadi ta manhaja. In an sake buƙatarsu, dare ɗaya ya isa a sake yin su. Kafin ka danna gogewa, duba adireshin foldar a saman taga, domin wanda ya yi amfani da Blackmagic Proxy Generator furoksinsa na zaune ne a cikin foldar asali, ƙananan foldojin Proxy kaɗai zai cire. Asali da fayil ɗin aiki da kwafin ƙarshe su koma diskin Y, a manna masa takarda da kwanan wata da sunan aikin, a sa shi a leda saboda ƙura. Ka kuma faɗa wa mai biki tun ranar karɓa wata nawa za ka riƙe masa asalin kafin ka goge, a rubuta a rasit.